Wutar da Na Hura a Gindin Tudun Taurari

Abin nan ya faru a sanyin shekarar da aka canza kuɗi, lokacin da mutane ke kwana bakin banki a Gusau. Shekara huɗu ke nan da barowarmu Wanke saboda mutanen daji, shekara biyu da rasuwar Malam mijina. Ni ban yi boko ba, ban san lambar shekara ba, amma abin da ya wuce a gabana ba ya ɓace mini. Maƙwabciyata Malama Hadiza ke rubutawa, na kuwa ce mata kada ta gyara mini magana.

Sunana Kulu. A Wanke, in mace ta haihu, ni ake aikawa a kira don wankan jego. Kwana arba'in, asuba da la'asar, ruwa ya tafasa a kan itace, a tsoma ganyen darbejiya a daddaki jiki da shi har sanyi ya fita. Ban san adadin matan da na yi wa ba. Mace ɗaya ce ban yi wa ba, ita ce Hassi, ɗiyata ta fari. A Kudu ta haihu inda mijinta ke aiki, babu wanda ya dafa mata ruwa. Da aka kawo ta gida ƙafafunta sun kumbura, ranar kwana goma sha tara ta cika. Likita ya faɗi nasa dalilin, ni ma ina da nawa. Jaririyar da ta bari ita ce Ma'u, ni na goya ta.

Ma'u ta auri Sanusi, ɗan Tsafe, yaro mai kunya da ya karanta ilimin taurari na boko har ya samu aiki a Ingila, ya tafi da ita. Haihuwar fari gida ake zuwa, amma aka ce takardunta ba su yarda ta fita ta koma ba. Na ce tau, in ita ba ta zuwa, ni ina zuwa. Abin da ya kai ni ke nan: in cika wa Ma'u arba'in ɗinta da hannuna.

Wahala ta soma tun daga bakin jirgi. Da muka sauka, wata yarinya mai kayan aiki ta turo keken guragu tana kiran sunana a karkace. Ashe Sanusi ne ya shirya haka don a tura ni har inda yake jira. Ni ban sani ba. Na dube ta na dubi keken, na buga ƙafata a ƙasa don ta ga lafiyarta lau, na wuce. Na bi wata mata mai jan mayafi da muka zo tare, ina cewa inda ta bi nan ne hanya. Ta shiga wata ƙofa ta gilashi, ƙofar ta rufe, ta ƙi buɗe mini. Na juya, babu fuskar da na sani.

Yadda na kai ga akwatina, Allah kaɗai ya sani. Ina jansa ke nan sai ga ɗan sanda da kare. Karen ya zo ya sa hanci a kan akwatin da sallayata ke ciki, ya zauna. Aka kai ni wani ɗaki mara taga, aka zazzage kayana a kan tebur: ƙunshin darbejiya da na shanya da kaina, kilishi, daddawa, garin kunu, da kanwa. Kanwar ce ta tsayar da su. Suka ɗaga ta da safar hannu, suna duban juna, suna duba na. Suna tambaya, ina amsawa da Hausa, suna ƙara ɗaga murya kamar kurma suka samu. Wayata babu layin ƙasar. Na zauna a nan har azahar ta wuce, la'asar ta shiga, ban yi salla ba, ban sha ruwa ba. Na riƙa tuna cewa yau Ma'u kwana takwas ke nan babu wanka.

Wata mai shara ce ta cece ni. Ta leƙo da tsintsiyarta, ta ji ina salati, ta tsaya. Sai na ji an ce, "Iya, daga ina?" Bahaushiyar Gana ce, 'yar zango, Hausarta a lanƙwashe amma Hausa ce. Ta gaya musu abin nan na miya ne da kunu. Duk da haka suka gutsuri kanwar suka tafi da ita, suka dawo suka ce ba abin da suke zato ba ne, amma ganye da nama da ita kanta kanwar ba za su shiga ƙasar ba. Na roƙi darbejiyar kaɗai. Matar ta faɗa musu, suka girgiza kai. A gabana aka jefa ta cikin jakar shara. Matar ta riƙe hannuna har wajen Sanusi, wanda ya tsaya tun safe idonsa ya yi ja. Ban tambayi sunanta ba, har yau abin na damuna.

A waje na gane wani mai gwanjo a Sabon Gari ya cuce ni. Ya rantse mini rigar da ya sayar mini ita Turawa ke sawa a ƙanƙara. Ashe rigar ruwa ce, siririya kamar leda. Iska ta ratsa ta kamar ban sa komai ba. Sanusi ya tuɓe tasa ya ba ni, ya tuƙa mota da 'yar shara.

Mun yi ta tafiya arewa. Gari ya ƙare, ƙauye ya ƙare, fitilun hanya suka ƙare. Babu komai sai dogayen itatuwa baƙi ƙirin, da tumaki masu ido kamar garwashi in hasken mota ya same su. Na ce masa, "Sanusi, wanga daji kuka baro Tsafe dominsa?" Ya yi dariya, ya ce ai dajin ne arzikin wurin. Da muka kusa gida ya rage fitilar motar, ya soma yi mini bayani.

Wurin aikinsa gidan kallon taurari ne, an gina shi da katako a kan tudu, rufinsa na buɗewa. A ciki akwai manyan madubai na hangen nesa, kamar turmi a kan ƙafar ƙarfe. Mutane na tahowa daga birane, inda hasken lantarki ya cinye musu sama, su biya don a nuna musu taurari. Saboda haka duk yankin akwai doka: in rana ta faɗi, ba a barin farin haske ya fita waje. Labule masu kauri, tocila ja kawai, don ja ba ta kashe ido. Gidan da suke ciki na ma'aikatar ne, yana gindin tudun. Shi kuma har yanzu gwajinsa ake yi, ba a tabbatar da shi ba. In aikin ya tafi, gida ya tafi, takardar zama ma ta tafi. Na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba.

Da na fito daga motar na ɗaga kai. Gaskiya sama ta cika. Amma na ce masa irin wannan duhun muna da shi a Wanke kyauta, har muna neman kananzir don mu kore shi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne taurarin ba su zauna inda na san su ba. Waɗanda muke kira maharbi da karensa da zomo sun zame can kudu, ƙasa-ƙasa. Duk zaman da na yi ban iya sanin lokaci da sama ba, ni da ban taɓa neman agogo ba.

Na samu Ma'u ta yi fari, ta rame a wuya, ƙafa kuwa da ɗan kumburi. Jaririyar mace ce, an sa mata sunana. Na ɗauki takwarata na ajiye, na danna ƙafar uwar da yatsa. Wurin ya lotsa, ya jima bai taso ba. Ta ce malamar asibiti na zuwa duba ta, ta ce ba komai, zai sauka. Na ce ina ake dafa ruwa? Ta nuna mini famfo mai jan baki.

Ruwan nan da ɗumi, ban ce babu ba. Amma an ɗaure shi, ba ya wuce inda aka ce ya tsaya, don kada ya ƙona yara. Na sa hannuna a ciki na bar shi, ban ji komai ba. Akwai butar lantarki, cikinta bai fi kwano biyu ba. Kafin ta biyar ta tafasa, ta farko ta huce. Kwana goma ina wannan wasan yara, da tsumma a madadin ganye. Na ce wa Sanusi ya samo mini tukunya babba da duwatsu uku a bayan gida. Ya sunkuyar da kai, ya ce Inna a yi haƙuri, wuta a fili ba ta yiwuwa a nan, ga dokar haske ga ta daji.

Maƙwabciya ɗaya gare su, tsohuwa mai kiwon tumaki, Magi, gidanta gona biyu daga namu. Mijinta ya mutu, ita kaɗai ce da karnuka biyu da wani babur mai ƙafa huɗu. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Kullum da hantsi ina tsayawa bakin katangar dutse in gaishe ta da Hausa, ta amsa da Turanci, mu jima a haka. Na ba ta faifai ɗaya cikin waɗanda na saƙa. Washegari ta kawo mini rigar mijinta ta ulu, mai warin tunkiya. Da na nuna mata da hannu cewa ganyen wanka nake nema, ta karyo mini rassan wani itace mai ƙamshi da ba ya zubar da ganye. Ba darbejiya ba ne, amma ya fi tsumma. A bakin katangar akwai rabin durom da tumakinta ke shan ruwa, da tarin itace. Wata rana na nuna su, na nuna ƙirjina. Ta ɗaga kai alamar ta yarda. Ita ba ta san me zan yi da su ba.

Ranar da Ma'u ta kwana goma sha shida, muna cin abinci, Sanusi ya ce makon nan aiki zai yi yawa, baƙi sun cika wurin saboda wata tauraruwa mai wutsiya da ta bayyana. Ya miƙo mini hotonta a waya yana murna. Na ajiye cokali. Irinta na gani a kan Wanke, kullum magariba, a watan da Hassi ta rasu. Ma'u ta lura na daina ci, ta tambaya, na ce haƙori ne.

Dare biyu gajimare ya rufe. Dare na uku sama ta washe tas, sanyi ya sauko har ciyawa ta yi fari. Gari na wayewa kwana goma sha tara. Na kasa barci. Na shiga na taɓa ƙafar Ma'u tana barci, na ji ta sanyi ƙalau. Na san baƙi kan watse tsakar dare, Sanusi ya dawo. Ran nan bai dawo ba, na ce a raina ya tsaya rufe wurin ne barci ya ɗauke shi. Na ce kowa ya tafi, wa zai gani? Amma tunda na ce a rubuta gaskiya: ko da na san suna nan, ban tabbata zan fasa ba.

Na jawo durom ɗin bayan gida, na wanke shi, na ɗora a kan duwatsun katanga uku. Na yi ta jigilar ruwa daga kicin. Itacen da danshi, ya ƙi kamawa, sai hayaƙi. Na ɗauko man girki na tuttula. Wuta ta tashi har ta fi ni tsawo, ta haska bangon gida, ta haska itatuwa, hayaƙin ya miƙe ya nufi tudu. Ni kuwa, tunda na zo ƙasar nan, ran nan na fara jin ni ce Kulu. Na tsuguna ina gyara itace, ruwa ya soma kuka.

Sai na hangi jan haske yana gangarowa daga tudu, yana tsalle. Sanusi ne a guje. Ya faɗo ta katanga, bai yi sallama ba, bai dube ni ba. Ya naɗe hannunsa da rigarsa, ya kama bakin durom ɗin, ya kifar da shi a kan wutar. Ruwan da ya rage kaɗan ya tafasa. Tururi ya turnuƙe mu, duhu ya dawo.

Yaron da bai taɓa haɗa ido da ni ba ya tsaya a kaina yana haki.

"Inna, kin san abin da kika yi?"

"Ruwan matarka na dafa."

"Mutum goma sha biyu ne a sama. Tun magariba suke ɗaukar hoto."

"Ni mutum ɗaya gare ni, tana ciki."

A lokacin muka ji jiniya. Wani cikin baƙin ya ga wuta a bakin daji ya kira 'yan kwana-kwana. Motarsu ta shigo da fitilu shuɗi da fari suna juyawa, ta haska kwarin gaba ɗaya har kan tudun. Abin da wutata ta rage, su suka ƙarasa. Maza huɗu masu hular kwano suka kewaye toka da rassan ganyena. Sanusi na ba su haƙuri. Da suka tafi ya juyo, ya ce a hankali, "Jumma'a akwai jirgi. Zan canza miki tikiti." Ran nan Talata ce.

Na shiga wajen Ma'u ina cewa ita za ta tsaya mini. Tana zaune da jaririya, hawaye na zuba. Na ce mata ta gaya wa mijinta saura kwana ashirin da ɗaya. Ta ce in aka kore shi ina za su da jaririya a wannan sanyi? Na ce rai ya fi gida. Ta ɗago ta dube ni.

"Inna, ni ba Umma Hassi ba ce. Ki daina kallona kina ganin gawa."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na fita. Ran nan da butar lantarki na yi mata wanka.

Da hantsi aka kira Sanusi sama. Na ce zan bi shi, ya ce kada in ƙara masa. Na bari ya tafi, na sa rigar mijin Magi, na kama hanya da ƙafa. Tudun ya fi yadda ido ke nunawa. Na kai rabi numfashi ya ƙare, na zauna a kan dutse. Sai ga Magi a babur ɗinta. Ta riga ta ga durom ɗinta ya yi baƙi, ta ji jiniya. Ta dube ni, ta daki bayan sirdin. Ni da na ƙi keken filin jirgi, na hau bayan tsohuwa na rungume ta.

A ciki na samu shugabar wurin, doguwar mace mai furfura, takarda a gabanta. Sanusi na tsaye. A gefe wani tsoho mai farin gemu yana kwance ƙarafan na'urarsa yana jerawa a akwati, hannunsa na karkarwa. Da Sanusi ya gan ni ya rufe ido.

Na ce masa, "Ka faɗa mata yadda na faɗa. In ka rage, zan gani a idonta."

Ban taɓa durƙusa wa kowa ba bayan ubana da Malam. Na durƙusa a kan katakon nan. Shugabar ta zabura, ta ɗauka faɗuwa na yi, ta zo za ta ɗaga ni. Na ƙi tashi. Na ce yaron nan ya gaya mini doka tun a mota, ya sake gaya mini a gida, ni na take ta da sanina. Na gaya mata wace ce Hassi, da abin da na gani a sama a watan da ta tafi, da ranar da yau take. Na ce in hukunci ne a yi mini, amma a bar shi da aikinsa, a bar ni da kwana ashirin da ɗaya. Sanusi na fassarawa. Da ya zo kan Hassi ya tsaya, don ashe Ma'u ba ta taɓa gaya masa a kwana na nawa uwarta ta rasu ba. Sannan ya ci gaba.

Shugabar ta koma ta zauna, ta jima tana juya biro. Ta ce ta ji, kuma ta yi baƙin ciki da rashin ɗiyata, amma dokar ba tata ba ce ita kaɗai. Mutanen ƙauyukan nan duka sun yarda su zauna cikin duhu shekara da shekaru don wurin nan ya rayu. Za a rubuta wa Sanusi gargaɗi, a ƙara masa watannin gwaji. In haske ya sake fitowa daga gidan, babu abin da za ta iya yi masa. Zamana ko tafiyata kuwa, wannan maganar gidansu ce.

Na juya wajen tsohon. Sanusi ya ce mini daga can ƙarshen kudu ya tuƙo, kwana biyu a hanya. Dare uku ya kama, biyu gajimare ya cinye. Tun yana yaro yake ɗaukar hoton masu wutsiya, wannan ya ce ita ce ta ƙarshe, don hannunsa ya daina riƙe abu. Na tambaya ko ba za ta dawo baɗi ba. Sanusi ya ce wannan in ta wuce, ko jikokin jikokinmu ba za su gan ta ba. Tsohon ya tambaya ko mai jegon na lafiya. Aka ce lafiya. Ya ɗaga kai, ya ci gaba da jera ƙarafansa. Na ce a gaya masa ya yafe mini. Sanusi ya faɗa. Ya dube ni, ya yi magana gajeriya.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ya ji."

"Ya yafe?"

"Inna, ya ce ya ji."

Daga daren nan gajimare ya rufe kusan mako biyu.

Duk wannan Magi na bakin ƙofa. Sai ta soma magana da ƙarfi, tana nuna ni, tana nuna gidanta. Ashe a bayan garken tumakinta akwai tsohon ɗakin wanki na kakarta, babu taga, da wata katuwar tukunyar ƙarfe da aka gina cikin bango, murhu a ƙasa, hayaƙi na fita ta bututu kamar na kowane gida. In an rufe ƙofa ko ƙyalli ba ya fita. Ta ce da na tambaye ta da baki da tuni ta nuna mini. Shugabar ta ce wannan bai taɓa doka ba. Sanusi ya ce ai mai jego ba za ta iya zuwa can ba. Na ce mai jego ba ta fita, ruwa ne zai zo. Ya ce gona biyu ce, da ƙofa uku, a cikin duhu. Na ce na sani, na ƙirga. Bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba.

Laraba da asuba na tafi da bokiti biyu masu murfi da jar tocila a baki. Na hura wuta a ɗakin nan, ƙofa rufe, ruwa ya tafasa har yana tsalle. Dawowa ce aiki. Jan haske ba ya nuna rami sai ka faɗa. Kowace ƙofa sai na ajiye, in kwance sarƙa, in wuce, in ɗaure, don tumaki. Ina sauri kada ya huce, ina tsoro kada ya zube mini. Na isa da shi da zafinsa. Da na tsoma ganye na ɗora wa Ma'u a baya ta ja numfashi ta ce, "Wash, Inna, kashe ni za ki yi?" Na ce yanzu aka fara wanka. Ta yi dariya, ta farko tun zuwana.

Alhamis haka. Akwatina na ɗaure, ban kwance ba, don har yanzu Sanusi bai janye maganar jirgi ba. Jumma'a da asuba ina ƙofa ta biyu, na ajiye bokiti ina laluben sarƙa, sai na ga wani jan haske a tsallake. Sanusi ne; na ce a raina ya zo kira na ne in shiga mota. Ya kwance sarƙar, ya ɗauki bokiti ɗaya, ya wuce gaba. Hannunsa na dama naɗe da bandeji, inda durom ya ƙona shi. A bakin ƙofa ya ce, "Gobe ki jira ni, in na sauko sai mu ɗauko tare."

Kumburin ya sauka a mako na huɗu. Malamar asibiti ta ce dama ta faɗa. Na bar ta da nata.

Ranar kwana talatin da ɗaya Sanusi bai sauko da wuri ba, na ƙi jira. Ƙanƙara ta kwanta a bakin ƙofa ta uku. Ƙafata ta tafi, na zo ƙasa a kan gwiwa, bokiti ɗaya ya kife can gefe, Allah ya tsare ni da shi. Ɗayan na riƙe shi tsaye, ban san yadda aka yi ba. Na kasa tashi. Na kwanta a nan ina kallon taurarin da ban san zamansu ba, ina jin ruwan na hucewa a hannuna, har karnukan Magi suka same ni. Sauran kwana taran Magi ce ta ɗauko ruwan a babur, fitila kashe, ta san gonarta da ka. Ni kuma ina zaune a kujera a banɗaki, gwiwa a ɗaure, ina daddakar jikata. Ko rana ɗaya ba a tsallake ba.

Da aka cika arba'in, na yi wa Ma'u kitso, ta yi lalle, ta fita ƙofar gida da ƙafarta. Daren nan Sanusi ya kai mu sama a mota. Na ce mai wutsiyar nake son gani. Ya ce ta yi nisa, amma ya juya madubin ya nemo ta. Na sa ido. Wani ɗan abu ne fari-fari, kamar an shafa auduga a baƙin zane. Na ce wannan ce? Ya ce ita ce. Na jima ina kallonta, ba don kaina ba. Na ce bari in gani da kyau, tunda na hana mai ita, tsohon nan mai farin gemu.

Sanusi an tabbatar da shi bayan na dawo. Yana nan, Ma'u na nan, takwarata ta yi wayo har tana zagina a waya da Hausar da ba ta nuna ba. Shugabar an ce ta yi ritaya. Magi ta rasu bara da sanyi, a cikin garkenta aka same ta. Rigar mijinta na cikin akwatina. Mai gwanjon Sabon Gari na nan da ransa, in ya hango ni da sandata sai ya shige ciki. Gwiwar ba ta koma daidai ba, a zaune nake salla.

Tsohon ne ban san labarinsa ba. Na sa Sanusi ya nemi lambarsa a littafin baƙi, ya kira sau biyu, ba a ɗauka ba. Na ce ya ƙara gwadawa in an kwana biyu.